Hirar dattawa da tsarin APA

Jiya da yamma muna wani shagon buga takardu a Kabuga ni da ɗalibata, muna gyara maƙalar da za ta tura taron ƙara wa juna sani. A kan marinar Ƙofar Mata ta yi bincikenta, kuma wallahi ta yi ƙoƙari. Masu taron sun ce a bi APA, wato wani tsarin ambaton manazarta a rubutun bincike, bugu na 7, wanda ya fito a 2019: an daina sa garin da aka buga littafi, idan marubuta sun kai uku kuwa na farko kaɗai ake ambata cikin rubutu.

Abin da ya tsaya mini a rai hirarrakinta ne. Ta zauna da dattawa a bakin karofi, sun nuna mata yadda ake haɗa baba da toka, amma a wannan tsari hirar da mai karatu ba zai iya samowa ba, ba ta shiga jerin manazarta. Wannan bai kwanta mini ba. Na ce ta ambaci kowannensu cikin rubutun, da ranar hirar, bisa izininsu.

Sannan ta duba ƙ, ɗ da ɓ bayan ta mayar da takardar PDF, domin wasu haruffan kwamfuta ɓata su suke yi.