Abin da Neman A da B Ya Koya Mini a Aljabra

Lokacin da aka fara koya mana rarraba kaso na aljabra zuwa ƙananan kashi-kashi, na ɗauka cewa wahalar duka tana wajen gano lambobin da muke sa wa suna A da B. Idan aka ba ni (3x + 5) bisa (x − 1)(x + 3), sai in rubuta A bisa (x − 1) da B bisa (x + 3), in kawar da lambobin ƙasa, in samu 3x + 5 = A(x + 3) + B(x − 1), sannan in buɗe baka-bakan ina kwatanta lambobin da ke gaban x har takarda ta cika.

Daga baya na fahimci cewa sanya x = 1 yana kashe B nan take, ya bar 8 = 4A, wato A = 2, haka kuma x = −3 yana ba da B = 1. Wannan gajeriyar hanya ana jingina ta ga Oliver Heaviside, masanin lissafi ɗan Ingila da ya rasu a 1925. Sai dai na daɗe ban yarda da ita ba, domin ai x = 1 ita ce lambar da ke mayar da ƙasan kason sifili, kuma rabawa da sifili haramtacce ne a lissafi. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne, bayan an kawar da lambobin ƙasa, ɓangarorin biyu, waɗanda yanzu ba komai a cikinsu sai tarawa da ragewa da ninkawa, sun daidaita a kan lambobi marasa iyaka, don haka dole su zama abu ɗaya a ko'ina, har da wurin da kason asali ba shi da ma'ana.

Inda na fi yin asarar maki a jarrabawa kuwa shi ne tsara siffar tun farko. A kan 1 bisa x(x − 1)², na manta cewa maimaitaccen ɓangare yana bukatar kaso biyu, B bisa (x − 1) da C bisa (x − 1)², ban da A bisa x, sai lissafin ya ƙi daidaituwa ina ta zargin hannuna. Da na gyara, x = 0 ta ba da A = 1, x = 1 ta ba da C = 1, amma B ta ƙi fitowa sai da na koma ga kwatanta lambobin gaban x², inda A + B = 0 ta nuna B = −1. Tsohuwar hanyar da na raina ce ta ƙarasa aikin.