Malam ne ya ce

Ina koyar da lissafi a wata sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Bara, da NECO ta ƙarato, na buɗe wa 'yan aji shida zaure a WhatsApp. Jarrabawar tana faɗowa ne a Yuni da Yuli, daidai shuka da noman farko, rabin ajin suna gona. Na ce tunda ba na samun su a aji, bari in bi su ta waya.

Inda na yi wauta shi ne lokaci. Datar dare ta fi araha, albashi kuwa kun san yadda yake, sai na riƙa tura tambayoyin shekarun baya bayan sha biyun dare, har da jan kunne cewa kowa ya sauke kafin asuba.

Wannan jan kunnen ne har yau yake ci min rai. Yaron da mahaifinsa ke karɓe wayarsa bayan isha'i ya samu hujja: Malam ne ya ce. Wanda ba shi da ita ya ari ta yayansa, shi ma Malam ne ya ce. Takardar da nake turawa ba ta cin minti biyu wajen saukewa. Sauran daren na TikTok ne da Facebook, kuma da yawuna aka kwana a can.

Suna gyangyaɗi a aji, ni ina tausaya musu wai gajiyar gona ce. Mai cajin waya na bakin kasuwa ma ya taɓa ce min yarana sun fi kowa kawo masa ciniki, wallahi daɗi na ji, na ɗauka karatu ne ke cinye batirin.

Sai da wani dattijo ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. "Malam, ɗanka fa ya daina fitowa asuba. In na yi magana sai ya ce aikinka yake yi." Saura kwanaki kaɗan a shiga takardar lissafi.

Da sakamako ya fito, wannan yaron, wanda na fi sa rai a kansa, D7 ya samu. Jami'a kuwa kiredit biyar take nema har da Turanci da lissafi, ƙasa da C6 ba ta kallo. Wasu 'yan mata da iyayensu suka hana su waya, waɗanda na riƙa jin haushin an bar su a baya, su suke kwafe tambayoyin da hannu daga littafina lokacin tara, kuma su suka tsallake.

Bana zauren yana nan, amma ni kaɗai ke iya rubutu a ciki, kuma ba na tura komai in an kira magariba. Kuɗin datar rana daga aljihuna yake fita, ba na kuka. Dattijon nan dai duk inda muka haɗu sai ya ce, "Malam, an tashi lafiya? Ko jiya ma an yi darasin dare?"