Yaron da Na Kira Malalaci

A shekarata ta farko a aikin fassara, an ba ni wata takardar wayar da kan iyaye mata game da zazzaɓin yara. Na zo kan kalmar Turancin nan lethargic, ban tsaya wata-wata ba na rubuta "idan yaro ya zama malalaci". Ma'aikaciyar jinyar da ke duba aikin ta ja layi a ƙarƙashinta, ta ɗago kai ta ce, "Malam, jariri ba ya lalaci. Wanda ake nufi a nan shi ne wanda ka taɓa shi, ka kira sunansa, idonsa bai bi ka ba."

Jikina ya yi sanyi. Ashe cikin alamomin haɗari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa yara ƙanana, wannan kalma tana jere da jijjiga, da amai ba ƙaƙƙautawa, da kasa shan nono. Da fassarata ta fita haka, wata uwa za ta zauna tana jiran ɗanta ya ware alhali asibiti yake buƙata.

Daga ranar na fara bin wannan kalma da 'yan'uwanta na Turanci har saiwarsu. Lethargic daga Girkanci ta fito, daga lethe, wato mantuwa, shi ya sa take ɗauke da nauyin jiki da dushewar hankali. Listless kuwa tushenta tsohuwar kalmar list ce mai nufin sha'awa, mutum ne da abinci ke gabansa amma ransa ba ya so. Apathetic na iya zama da ƙarfinsa garau, zuciyar ce ta daina damuwa, halin ko-in-kula ke nan. Sluggish nawa ce kawai, wato rashin hanzari. Lazy ce mai ɗauke da zargi, ita kuma na fi saurin kai hannu gare ta.

Abin da ya fi damuna shi ne, Hausa ba ta rasa wannan bambanci ba. Muna da kasala, mutuwar jiki, ƙiwa, son jiki, ragwanci, kowacce da muhallinta. Ni ne na tattara su na zuba a kwando ɗaya saboda gaggawa.

Na gyara jimlar ta koma "idan jikin yaro ya saki, ba ya kula kowa, ko yana da wuyar tashi daga barci". Ma'aikaciyar ta karanta sau biyu, sannan ta sa hannu.