Wasiƙa daga Biyariz: wane allo za ka saya don hawan igiyar teku?

Assalamu alaikum, ƴan'uwana mutanen Damagaram, na Birni da na Zango da na Sabon Gari. Ina gaida iyayenmu, ina gaida ƙanne. Ya gida, ya zafi?

Na san wani zai yi dariya. Garin da ake tashi da asuba ana layin famfo, shi za a aiko wa zancen wasa a teku? To, ku yi haƙuri. Yaranmu da ke karatu a Dakar da Agadir sun dame ni da tambaya ɗaya a WhatsApp, na ga gara in amsa a fili kowa ya ji.

Abin da suke tambaya shi ne allon nan da mutum ke tsayawa a kansa, riƙe da dogon filafili, yana tuƙawa har igiyar ruwa ta ɗauke shi ta kawo gaɓa. Asalinsa Waikiki ne a tsibiran Hawai, sai gwanayen hawan igiya Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da shi a farkon shekarun 2000. Nan Biyariz kuwa, a kudu maso yammacin Faransa, tun wajajen 1957 ake hawan igiya.

Ƙannena, kada ku fara da duba tsawo ko launi. Ku duba lita, wato ma'aunin girman jikin allon. Galibi akan rubuta litar allo a jikinsa, kuma lita ɗaya kilo ɗaya take ɗagawa a ruwa. Hikimar gorar masunta ce: in gora ta yi wa mutum kaɗan, ita da shi ƙasa za su yi. Sabon shiga ya nemi litar da ta ninka nauyinsa. Mai kilo 75 ya nemi kusan lita 150, in ya samu fiye ma ba laifi. Wanda ƙafarsa ta zauna yakan sauko zuwa 110 ko 115. Gwanaye su ne ke hawan abin da ya ɗara nauyinsu da kaɗan, har ka ga ruwa na shafar idon sawunsu suna tsaye. Nan ne samari ke ɓata kuɗinsu. Sun ga gwani a bidiyo kan ɗan guntun allo, su ma sai shi. Sai yini ya ƙare suna faɗuwa suna hawa, ko igiya ɗaya ba su kama ba, bayan wata guda allon na jingine a bango ana neman mai saye.

Bayan lita sai faɗi, don shi ke hana tangaɗi. Santimita 80 zuwa 82 ya dace da mai koyo. Tsawo kuma kamar mita 3: dogo ya fi saurin kama igiya, gajere ya fi juyawa, kai kuwa yanzu kamawar kake nema. Ka kwantar da allon ƙasa ka kalle shi ta gefe. In hancinsa ya ɗan ɗaga sama, madalla. In a miƙe yake samɓal, na tafki ne, da igiya ta tura ka zai caki ruwa ya wurga ka gaba. A ƙarƙashi, ƙayoyi uku irin na kifi sun wadatar.

Sai babbar gardama: na hurawa, wato wanda ake hura wa iska, ko mai tauri? Na hurawa, irin Itiwit na kantin Decathlon, ana naɗe shi a jaka, ga araha, kuma in ya buge ka ba ya fasa kai. Amma kaurinsa yakan kai santimita 15, gefensa a kumbure, ba ya cizon jikin igiya, zamewa kawai yake yi. Mai tauri soso ne a ciki, an lulluɓe shi da zaren gilas da ƙaro, gefensa siriri, shi ya sa yake bin ƙafarka duk inda ka danna. Sabonsa yakan haura yuro 1000, wato sama da jaka 655 na sefa. Ni dai ra'ayina, ɗalibin da ke ɗaki ɗaya da mutum uku ya ɗauki na hurawa ya koyi tsayuwa a ƙananan igiyoyi. Wanda ya ƙudurta hawan igiya da gaske ya nemi mai tauri na hannu, ya latsa ko'ina da yatsa. Inda ya lotsa ko ya tsage, mai yiwuwa ruwa ya riga ya shiga.

Filafilin hawan igiyar ruwa daidai tsawonka, ko ya ɗara kaɗan. Igiyar da ke ɗaure allo a ƙafa ta zama miƙaƙƙiya, tsawonta kamar na allon. Murɗaɗɗiyar nan tana fizgo shi ya dawo maka a fuska.

Wanda bai iya iyo ba, don Allah ya ajiye duk wannan lissafi ya je ya koya tukuna. Gaɓar nan tamu tana da ramukan yashi da ruwa ke ja daga cikinsu zuwa tsakiyar teku, kuma kusan kowace bazara sai sun ci mutane. Ranar da iska ke busowa daga tudu zuwa teku, mai allon hurawa ya zauna gida. Kada a shiga tsakanin tutocin masu wanka, kada kuma a tsoma cikin igiyar da wani ya riga ya hau.

Wani ƙanena ya ce ko in aiko masa da ɗaya ya gwada a tafkin Gidimuni. Na hurawa zai yi, tunda can ba igiya, amma da rigar ceto a jikinsa, kuma ya tuna ruwan kwance yakan sa tsargiya.

A gaida mutanen kasuwar Dole.

Naku,
ɗan Damagaram a Biyariz