Darasin cibiyar Oksfod ga mai ƙirga 'yan gudun hijira a Katsina

A shekarar 1982 Barbara Harrell-Bond, masaniyar halayyar al'umma haifaffiyar Amurka, ta buɗe wani ƙaramin shirin nazarin 'yan gudun hijira a Jami'ar Oksfod da ke Ingila. Shi ne daga baya ya girma ya zama Cibiyar Nazarin 'Yan Gudun Hijira. A wancan lokaci rahotanni kan masu gudu suna fitowa ne daga hannun ƙungiyoyin da ke raba musu abinci, wato mai rabo shi ne kuma mai ba kansa maki. Ita kuwa ta tafi kudancin Sudan, yankin kogin Yei, ta zauna da 'yan Yuganda da suka tsero bayan faɗuwar Idi Amin, ta tambaye su da bakinsu. Littafin da ta fitar a 1986, wanda sunansa ke nufin taimakon da aka ɗora wa mutum bisa dole, ya ɓata wa manyan ƙungiyoyin agaji rai ƙwarai. Ta nuna cewa ɗimbin mutane sun ƙi zaman matsugunan da aka tanada sun nemi wuri cikin 'yan gari, kuma waɗanda suka shiga ana tafiyar da su kamar ba su taɓa riƙe gida ba.

Sauran tarihin gajere ne. Mujallar bincike ta cibiyar ta fara fita a 1988 a hannun Roger Zetter, shekarar da Jami'ar York ta Kanada ta kafa tata cibiyar. A 1998 aka fara wata mujallar ta ma'aikatan agaji wadda ake karantawa kyauta, akwai digiri na biyu na shekara ɗaya, akwai kuma kwas na bazara da ma'aikata ke zuwa daga ƙasashe daban-daban. Harrell-Bond ta bar shugabanci a 1996, ta sa hannu wajen kafa shirin shari'ar 'yan gudun hijira a Jami'ar Makerere ta Yuganda a 1999, ta koma Jami'ar Amurka da ke Alƙahira a 2000, ta rasu a 2018.

Abin da ya dame mu a Katsina shi ne hanyar aikin da suka bari, domin matsalar da ta gani a Yei ita ce a ƙofarmu.

Darasin farko yana kan suna. Bahaushe kalma ɗaya gare shi, ɗan gudun hijira, kuma kalma ce mai daraja, tun daga hijirar Manzon Allah (SAW) zuwa ta Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Doka kuwa ta raba ta biyu. Wanda ya tsallake iyaka yana ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira da ƙarinta na 1967, da ta ƙasashen Afirka ta 1969 wadda ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da wanda rikici ya kora ko da ba shi ake nema da suna ba. Wanda bai tsallake ba yana hannun gwamnatin ƙasarsa, sai ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1998 da yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka ta 2009, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012. A ɗauki wa da ƙane daga ƙauye ɗaya a ƙasar Jibiya da 'yan bindiga suka kora dare ɗaya. Ɗaya ya yi arewa ya shiga jihar Maraɗi, ɗaya ya yo Katsina. Na farko hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya za ta yi masa rajista, kamar sama da mutum 40,000 da ta ce sun tsallaka zuwa watan Satumba na 2019 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, har aka kwashe wasu zuwa ƙauyuka irin su Garin Kaka da Chadakori don a nisanta su da bakin iyaka. Na biyu sai ya jira hukumar agajin gaggawa ta jiha. Zetter ya rubuta a 1991 cewa laƙabin da ofis ya liƙa wa mutum shi ke yanke abin da zai samu, kuma mutane sukan gyara labarinsu ya dace da laƙabin. Ba ƙarya ce ta mugunta ba, neman tsira ne, kuma mai bincike da bai san haka ba zai kwashi amsoshin da aka shirya masa tun kafin ya sauka daga mota.

A gefe guda, tsallakawa Maraɗi ba zuwa baƙon wuri ba ne. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 su suka kafa sarautarsu a garin, shi ya sa har yau ake cewa Katsinan Maraɗi. Yawancin masu tsallakawa gidan dangi suke sauka.

Nan ne darasi na biyu ya shigo, kuma shi ya fi cin lokaci. Wanda ya je neman 'yan gudun hijira a sansani a jihar Katsina zai ga kaɗan ne daga cikinsu. Mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa idan aka tashe su sukan fara sauka a makarantar firamare ko sakatariya na kwanaki, daga nan su watse: wasu gidan 'yan uwa, wasu kangon da mai shi ya ce a zauna kafin ya samu kuɗin rufi, wasu ɗakin haya guda da mutum goma. Akwai kuma masu kwana a gari su wuni a ƙauye, musamman da damina, da asuba su bi babur zuwa gona, kafin la'asar sakaliya su dawo. Idan aka yi ƙidaya da hantsi ba a same su, idan aka yi a ƙauye da gari a mako ɗaya an ƙirga su sau biyu.

Saboda haka kafin a ɗauki takardar tambayoyi sai an yanke abu uku a rubuce. Na ɗaya, mene ne gida. Ma'aunin da ya fi aiki shi ne waɗanda suke ci daga tukunya ɗaya jiya da daddare, ba waɗanda suke zaune a bayan zaure ɗaya ba, domin gida ɗaya na iya ɗauke da mai gida da iyalinsa da iyalai uku na baƙi. Na biyu, yadda za a yi da mai mata fiye da ɗaya. Idan aka rubuta magidanci kaɗai aka ba shi kati ɗaya, matar da gudu ya jefa wata unguwa ta ɓace daga lissafi ita da 'ya'yanta. Gara a rubuta kowace mace da ɗakinta, a haɗa su da lambar mijin. Na uku, iyakar lokaci: daga wace shekara ake ƙirga kora, kuma kwana nawa mutum zai yi a mako a wajen garinsu kafin a ce ya yi hijira. In ba a yanke wannan ba, ɗan ci-rani da almajiri da amaryar da aka kawo gari duk za su shiga buhu ɗaya.

Shekaru ma matsala ce. Tambayi dattijuwa shekarunta, ta ce arba'in ko hamsin, sai ka ga lissafi ya taru a kan lambobin da suka ƙare da sifiri da biyar. Maganinsa takardar abubuwan da kowa ya tuna: canjin kuɗi na 1984, ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, rasuwar Sarki Muhammadu Kabir Usman a 2008, rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Sai a ce, “Inna, lokacin da aka ba Katsina jiha an yi miki aure?” Ga yara kuwa a bi azumi da Salla da damina.

Babu shiga unguwa ba tare da an gaida mai unguwa ba, wannan ba abin musu ba ne. Kuskuren shi ne a karɓi jerin sunaye daga hannunsa a tsaya nan. Ko da mutumin kirki ne, waɗanda ya sani ya rubuta, wato waɗanda suka zo gaishe shi. Zawarawa da masu takaba ba sa zuwa zaure. Fulanin da su ma aka kwashe musu shanu aka kore su sukan guji duk wani jeri don tsoron a ce da su ake yi, sai rahoto ya fito kamar babu su. Haka idan aka ce wa wanda aka gama hira da shi ya nuna na gaba, ƙauye ɗaya za a yi ta zagayawa. Abin da ke rage wannan shi ne a shiga ta ƙofofi da yawa lokaci ɗaya: liman, ungozoma, mai injin niƙa, malamar Islamiyya, 'yan ga-ruwa, sannan a gwama jerin a ga sunayen da suka fito a ɗaya ba su fito a sauran ba. In kuma adadi ake so, a zana unguwar, a lambata gidajen, a zaɓa da ƙuri'a. Gida 384 ke ba da kuskuren da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba idan gida-gida aka zaɓa da ƙuri'a, in kuwa rukuni-rukuni na gidajen da ke maƙwabtaka aka ɗauka sai a ninka yawan gidajen biyu, domin maƙwabta amsarsu kan yi kama.

Harrell-Bond da abokan aikinta sun yi rubutu a 1992 kan ita kanta ƙidayar, suka nuna cewa lamba ba ta da tsarki: gwamnati na iya son ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ƙungiya na neman kuɗi da ita, talaka na neman mudun hatsi. Da zarar an ga baƙo da biro da waya, labari ya zaga cewa rabo ya zo. Dole a faɗa a fili tun a gaisuwa, “Baba, ba tallafi muka kawo ba, kuma sunanka ba zai shiga jerin rabo ba.” Wasu za su tashi su tafi. Ba asara ba ce.

Lambar tana da amfani idan an san abin da za a auna ta da shi. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji suka yarda da shi ya ce kowane mutum lita 15 na ruwa a rana, ban-ɗaki ɗaya ga mutum 20, wurin kwana mai rufi murabba'in mita 3.5. Makarantar da mutum 300 suka sauka tana buƙatar lita 4,500 kullum, wato jarka 180 mai lita 25, da ban-ɗaki 15. Firamare mai masai biyu da rijiyar burtsatse da ta lalace, in ruwan sama ya sauka, amai da gudawa ke biyo baya. Ga yara 'yan wata 6 zuwa 59 akwai igiyar awon damtse: ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani, a tura asibiti ranar, daga 115 zuwa ƙasa da 125 matsakaiciya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja igiyar da ƙarfi, ko a auna kusa da gwiwar hannu maimakon tsakiyar damtse. A kuma danna bayan ƙafafun yaro da babban yatsa na daƙiƙa uku, in ramin ya tsaya a duka biyun kumburin tamowa ne, ko da igiya ta nuna launin kore, wato alamar lafiya.

Sai batun amana, wanda a nan ya fi ƙarfin abin da ake koyarwa a aji. A ƙasar da kalmar infoma ke iya jawo wa mutum mutuwa, waya mai ɗauke da sunaye da ƙauyuka da wanda ya biya 'yan bindiga kuɗin noma makami ce. Ba a haɗa suna da amsa a takarda ɗaya, lamba ake sawa, mabuɗin ya zauna wani wuri. Ba a ɗaukar alamar taswira a ƙofar gida, ta unguwa ta isa. Ba a tura hoton takardu ta WhatsApp. Takardar amincewa mai neman sa hannu ko dangwale tana tsorata wanda bai yi boko ba, gara a karanta masa da Hausa ya amsa da baki a gaban shaida. Mace ce ke hira da mace, ba a gaban miji ko kishiya ko uwar miji ba, kuma ba a tono maganar fyaɗe sai an riga an san asibitin da za a tura ta da wanda zai biya kuɗin mota. David Turton, wanda ya gaji Harrell-Bond a shugabancin cibiyar, ya tsaya kan cewa binciken wahalar wani ba shi da hujja sai in rage wahalar na cikin manufarsa.

Daga baya cibiyar ta juya ga tattalin arziki. Binciken da Alexander Betts ya jagoranta a Yuganda, wanda ya fito a 2014, ya nuna 'yan gudun hijira suna saye da sayarwa, wasu har suna ɗaukar 'yan ƙasa aiki. Tambayar da ta dace a Katsina ke nan: da me kika ciyar da yara jiya? Amsoshin su ne surfe, wankau, tallar awara, ƙwadago a gonar wani, tura ruwa, acaɓa da babur ɗin aro, bara a bakin masallaci. Su ke nuna inda ɗan jari zai yi amfani. Amma kada a yi zaƙi da labarin dogaro da kai. Manomin da ke ɗaure dami ɗari a shekara yana awo da kwano yanzu ya talauce, ko da bai miƙa hannu ba. Kuma mai masaukin da ya raba rumbunsa gida uku shi ma ya kamata a yi hira da shi, domin shi ya ɗauki nauyin da sansani zai ɗauka.

Cibiyar tana da aibinta. Tana Ingila, kuɗin karatunta ya fi ƙarfin mai albashin naira, ga wahalar biza, kuma da Turanci ake yawancin rubutun. Abin da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsinma da Al-Qalam suke da shi wanda Oksfod ba ta da shi shi ne kusanci da harshe, da ɗalibai 'yan asalin garuruwan da aka tasa. Aikin da ya fi dacewa da su shi ne na dogon zango, irin wanda Elizabeth Colson da Thayer Scudder suka fara a 1956 kan mutanen Tonga kusan 57,000 da madatsar ruwa ta Kariba, a iyakar Zambiya da Zimbabwe na yau, ta tasa, suka bi iyalai ɗaya shekaru da dama. Gida 200 sun isa a fara, a ziyarce su sau biyu a shekara, bayan girbi da kuma cikin Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A karɓi lambar waya biyu da sunan wani ɗan uwa mazaunin gari, domin layi yakan mutu, kuma an taɓa rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar a 2021. Gidan da aka koma ba a tarar ba kada a goge shi a maye gurbinsa da na maƙwabci. A rubuta ranar, a tambayi masu unguwa inda suka nufa, ko sun koma gida ne, ko Kano, ko Maraɗi, a bar layinsu a buɗe zuwa zagaye na gaba.