Tafiyar da nake yi a lokacin jira

Shekara 14 ke nan ina aikin tuƙi, kuma wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka gajiyarsa a kan hanya take. Jira ne ke kashe jiki. Ka kai mai gidan aikinka taro, ya ce maka "yanzun nan zan fito", ka share awa uku cikin mota, kujera a kwance, waya a hannu. Haka na yi ta yi har ƙugu ya fara ciwo, ƙafafuna suka riƙa kumbura da yamma. Idan na cire safa, bakinta ya bar mini shaida a sama da idon sawu, kamar an ɗaure ni da zare.

Ranar da likita ta auna ni sau biyu ta ga jinina ya hau, sai ta ajiye abin awon ta ce, "Malam, a yini minti nawa kake yi a tsaye?" Na yi shiru ina lissafi. Daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa ɗaki. Ta rubuta mini magani ta ce kada in daina sha don na ji sauƙi, sannan ta ƙara da cewa in riƙa tafiya a ƙafa minti 30, kwana biyar a mako. Na ce mata ba ni da lokaci. Ta dube ni ta ce, "Ba yanzu ka gama ba ni labarin jira ba?"

Daga baya na gane ba ita ta ƙirƙiro lissafin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar ya motsa jiki matsakaicin motsi na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma 30 sau biyar shi ne 150 ɗin. Ma'aunin matsakaicin motsi ba wuya: ka yi saurin da za ka iya magana da wanda ke gefenka, amma numfashi ba zai ishe ka rera waƙa ba.

Washegari na kulle mota, na sa waya a aljihun gaba don kada a kira ni ban ji ba, na fara zagaye wurin ajiye motoci. Na kafa wa kaina doka ɗaya: ba zan yi nisan da ba zan iya dawowa cikin minti biyar ba. Minti 12 na yi na tsaya, ina haki, sharaɓar ƙafata kamar an ɗaure ta da dutse. A mako na farko kuma takalmin aiki ya yi mini bororo a dunduniya, dole na huta kwana biyu. Tun daga lokacin akwai takalmi mai laushi a bayan mota.

Kumburin ƙafa ne ya fara tafiya, cikin makonni kaɗan. Likitar ta yi mini bayani da na koma: jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau sama kafin ya koma zuciya, kuma tsokar sharaɓar ƙafa ce ke matsa jijiyoyi ta tura shi duk lokacin da mutum ya taka. Wanda ya zauna awa biyar ya kashe wannan famfon na awa biyar. Jinina ma ya sauko zuwa inda take so, ga magani ga tafiya, kuma har yau ina shan maganin. Nauyi kuwa kilo biyu kawai na rage, don haka wanda zai fara tafiya saboda sikeli kaɗai zai yi saurin karaya. Likitar takan ce ko tafiyar minti 10 bayan cin abinci tana da amfani, domin tsoka mai aiki tana janye sukari daga jini.

Akwai wani bincike da na karanta ya tsaya mini a rai, saboda a kan irinmu aka yi shi. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya fitar da sakamakon nazarin da ya yi kan ma'aikatan motocin bas na Landan, masu hawa biyu. Direba yana zaune duk yini, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, lokacin aiki ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi yi musu tsanani. Na karanta shi a kan kujerar direba. Na fito na yi zagaye biyu.

Ɗana ya saka mini manhajar ƙirga taku a waya, ya ce, "Baba, sai ka kai 10,000 kullum." Na yi wata guda wannan lamba tana damuna, duk daren da na ga 6,000 sai in ji kamar ban yi komai ba. Ashe lambar daga talla ta samo asali. A 1965 wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma, sunan ya bi duniya. Wani binciken masana na Jami'ar Harvard da aka buga a 2019, kan mata tsofaffi sama da 16,000, ya nuna masu taku kusan 4,400 a yini mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu kan masu 2,700, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Na bar manhajar a wayar, amma na daina dubata kafin barci.

Abin da ban yi zato ba shi ne abin da tafiyar ta yi wa zuciyata. Zaman jira gonar tunani ne. Magana ɗaya da aka faɗa maka da safe ba daɗi, za ka juya ta sau ɗari cikin mota, kana shirya amsar da ba za ka taɓa bayarwa ba, da yamma kuma ka kwashi ɓacin ran ka kai gida wa waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Na yi shekaru a haka ban san ina yi ba.

Yanzu ga yadda abin yake. Minti 10 na farko tunanin yana biye da ni, taku bayan taku. Can sai numfashi ya daidaita da sawu, kafaɗuna su sauko daga inda na maƙale su, idona ya fara ganin abin da ke gabana: inuwar bishiya ta matsa daga inda take ɗazu, tururuwa sun ja layi a gindin katanga, mai gadi ya ɗaga mini hannu. Matsalar tana nan, amma ta koma girmanta na gaskiya. Sau da yawa mafitar da na kasa samu a zaune a zagaye na uku take zuwa. Barci ma ya gyaru, musamman ranakun da na yi tafiyar da safe, haske yana dukan idona.

Matata ce ta fara faɗa. Wani dare ta ce, "Maigida, ka lura yanzu idan ka shigo yara ba sa yin tsit?" Maganar ta sosa mini rai, don ban san suna yi ba.

Ba ina cewa tafiya tana maganin kowace damuwa ba. Wanda baƙin ciki ya danne shi makonni, ba ci ba barci, ya ga likita, tafiyar ta zama ƙari. Haka wanda ya ji ciwo a ƙirji ko jiri yana cikin tafiya, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Watanni biyu da suka wuce wani dattijon direba da muke yawan haɗuwa a wurin jira ya sauke gilashi ya ce, "Ɗana, wai me kake nema ne kullum kana zagaye?" Na gaya masa. Ya ce gwiwa ba za ta bar shi ba. Na ce, "Baba, mu je bakin ƙofa kawai mu dawo." Muka je a hankali, yana dafa motoci. Jiya zagaye biyu ya yi da ni, kuma shi ya riga ni fitowa daga mota.