Inda Na Kai a Lissafin Iskar da Inji Ke Zuƙa

'Yan'uwa masu koyo, bayan na kammala kwance ƙaramin injin babur mai cc 125 (wato fistan yana zuƙo mililita 125 a kowace sauka) da nake koyo da shi, na koma kan lissafin iskar da yake zuƙa, domin na gamsu cewa yawan iskar da ta shiga silinda shi ke yanke yawan fetur ɗin da za a iya ƙonawa.

Injin mai bugu huɗu ne, irin wanda Nikolaus Otto ya ƙera a 1876: fistan ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya kunna wutar da za ta tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Sau ɗaya kacal yake zuƙa a kowane juyi biyu, don haka idan yana juyi 6,000 a minti, zuƙa 3,000 zai yi, wato lita 375 ke nan da a ce silinda tana cika maƙil, amma matatar iska da bawul suna rage wani abu. Nauyin lita 375 na iska kusan giram 450 ne, kuma tun da giram ɗaya na fetur yana buƙatar giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, abin da injin zai sha a minti guda kimanin mililita 40 ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kafireto, wato na'urar da ke haɗa iska da fetur, ke auna wannan ɗan fetur ba tare da famfo ba. Yawan abin da ke wucewa ta bututu shi ne girman bakinsa a ninka da saurin gudun abin, saboda haka inda maƙogwaron kafireto ya tsuke dole iska ta ƙara sauri, matsinta kuma ya ragu, kamar yadda Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738. Raguwar matsin ce ke janyo fetur ta wata ƙaramar huda da ake kira jet.

Ina roƙonku kada ku soka wa hudar nan waya da sunan wankewa. Idan faɗinta ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, girman bakinta zai ƙaru da kashi 21, sai fetur ya rinjayi iska, fulogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi.

Aikin da ke gabana shi ne in cire tiyon tanki, in tara fetur a kofin awo ina duban agogo, nesa da wuta, domin in tabbatar abin da ke sauka a minti ya zarce mililita 40 sosai, yadda fetur ba zai yanke wa injin ba.